Cuta Ce Ko Son Zuciya?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake wallahi. Ƙanena ya shekara 3 yana shan tramol. Makon jiya da bakinsa ya ce ya tuba, ya watsar. Kwana biyu sai gumi, hamma, zawo, majina, ciwon gaɓoɓi, barci ya gagara. Muka kai shi asibiti nan cikin Katsina. Likita bai tambayi nawa yake sha a rana ba, bai tambayi tun yaushe ba. Ya rubuta maganin maleriya da ƙarin ruwa, ya ce "ka ji tsoron Allah." A daren yaron ya koma wajen mai ƙwaya. Don Allah a horar da likitocinmu su iya gane wannan cutar, su san yadda ake raba mutum da ita a hankali.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Allah ya shirye shi. Amma cuta? Sauro ne ya cije shi ya sha? Da kuɗinsa ya saya, da hannunsa ya kai baki. Son zuciya ne.

Nas Hauwa: Malam, da farko son zuciya ne, na yarda. Daga baya jiki ke nema. Tramol da kodin dangi ɗaya ne, in aka yanke su lokaci guda abin da Abban Sadiq ya lissafa shi ke biyowa. Mai shan roci, ƙwayar nan mai sa barci, ma ya fi haɗari, yana iya jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Malam Sani: Ku 'yan boko komai cuta. Gobe ɓarawo ma ku ce mara lafiya ne.

Dan Kofar Sauri: Da ana nan da gidan mari, wata ɗaya ya ishe shi.

Baban Khalifa: Gidan mari? Ka manta abin da 'yan sanda suka tarar a Daura a watan Oktoban 2019? Mutane cikin sarƙa, jiki duk tabo.

Yarima: Kai kuma me ya kawo Daura cikin maganar? A Katsina ba a rufe irinsa ba a watan da kake faɗa? Kullum ku Katsinawa sai kun taɓa mu.

Baban Khalifa: Ni mahaifiyata 'yar Daura ce, kada ka yi mini wannan.

Yarima: To ka ji kunya mana.

Maman Hanifa: Ni dai masu kyamis nake kuka da su. Gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin tun 2018, amma har gidan biki ana kai wa mata.

Alhaji Mai Kyamis: Hajiya, a daina yi mana kuɗin goro. Shekara 20 ina sana'ar nan, ban taɓa ba yaro tramol ba takardar likita ba.

Nas Hauwa: Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, ɗaya cikin huɗu mace ce. Ba kowa zai iya kai ɗansa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ba. Dole likitan ƙaramin asibiti ya iya aikin.

Malam Sani: Su wa suka ƙirga su? Ni ba wanda ya zo unguwarmu.

Abban Sadiq: Jama'a, ni tambayata ina zan kai yaron nan?

Shugaban zaure: To, an yi muhawara mai amfani. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda da Malam Sani cewa tarbiyya ce ta lalace, gyara daga gida yake farawa. Malama Hauwa ta kawo lissafin Turawa, mun gode. Maganar Daura kuma a bar ta, duk ɗaya muke. Na rufe.

Nas Hauwa: Abban Sadiq, ka kira ni bayan Isha'i. Kada ku bari ya sake yankewa shi kaɗai.