Sihirin Silvery Barbs ya hana ni sakat a teburin D&D

Jama'a, ina neman shawara. Ni ke jan ragamar wasan D&D (Dungeons and Dragons, wasan almara da ake yi a kan tebur) bugu na 5 a rukuninmu, kuma mun amince a riƙa ɗauko sihiri daga littattafan ƙari. Yanzu wasu 'yan wasa sun ɗauki Silvery Barbs na littafin Strixhaven na 2021. Sihirin mataki na 1 ne kacal, amma da zarar dodo ya kai hari ya samu, sai su tilasta a sake jefa d20 (ɗan ludo mai fuska 20 da ake jefawa don sanin ko hari ya samu) a ɗauki ƙaramin sakamako. Manyan dodanni sun zama abin dariya. Na ƙara abokan gaba, faɗa ya yi tsawo har ana hamma. In hana shi kwata-kwata ne, ko in mayar da shi mataki na 2? Wanda ya gwada, yaya ta kaya?