Wa ya san tallafin haya na gwamnatin Ghana? Mai gida ya ƙara mana kuɗi

Abu Zainab Nima:
Salamu alaikum jama'a. Ɗan Allah ina neman haske. Ciki da falo muke haya a Nima, cikin Accra, wa'adi ya kusa cika, mai gida ya ce ya ƙara kuɗi kuma adbans na shekara 2 yake so a dunƙule, in ba haka ba mu kwashe kayanmu akwai masu jira. Ni ɗinki nake yi, ina zan ga wannan kuɗi lokaci ɗaya? Na ji ana cewa gwamnati na biya wa talaka haya, gaskiya ne ko dai zancen siyasa ne?

Malam na Aboabo:
Wa alaikumus salam. Akwai shirin, National Rental Assistance Scheme sunansa, Bawumia ne ya buɗe shi a Janairun 2023 lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa, da sidi miliyan 30, aka fara da yankuna 6 har da Greater Accra da Ashanti da Northern. Amma ɗan'uwa ka gane, ba kyauta ba ce, bashi ne. Su za su biya mai gida adbans ɗin kai tsaye, kuɗin ba ya shiga hannunka, kai kuma ka riƙa biyansu wata-wata. Sai kana da Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa, ka kai shekara 18, ka nuna shaidar aiki da sitetimen na banki ko na momo (asusun kuɗi na waya), sannan hayar kada ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da gidanka ke samu.

Hajiya Ashaiman:
To ai nan gizo ke saƙar Malam. Wanda ke da albashi da takarda shi zai cika sharuɗɗan nan, mai sayar da waake a bakin titi ko ƴar kayaye mai dako da ke kwana a baranda wane sitetimen za ta kawo? Kuma wannan kashi 30 ɗin, kullum haya tana hawa samu yana nan inda yake, kenan ranar da mai gida ya ƙara kuɗi ranar ka faɗi daga layin waɗanda suka cancanta, alhali ranar ce ka fi buƙata. Nauyin adbans kawai shirin ke ragewa, bai hana kowa ƙari ba wlh.

Ɗan Mamobi:
Abin da ke ba ni haushi doka fa tana nan tun 1963, Act 220, ta hana karɓar adbans sama da na wata 6. Wa ke bi? Ka ce za ka kai ƙara Rent Control, ofishin gwamnati mai duba rikicin haya, kafin a zauna ejan ya kawo wani da kuɗinsa a leda, saboda ɗakuna sun yi kaɗan mutane sun yi yawa. Duk da haka Abu Zainab ka je ofishinsu da rasit ɗinka da takardar yarjejeniya, ba shi da ikon watso maka kaya waje haka kawai ba tare da notis ba. Wani mai gidan da ya ga takardar sammaci sai ya sauko a yi sulhu a kan shekara 1.

Abu Zainab Nima:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kwastomomina da yawa ta momo suke biya, kenan zan iya ciro sitetimen. Malam batun kuɗin ruwa fa, akwai a ciki?

Malam na Aboabo:
Bashi mai ƙaramin ruwa suka kira shi tun farko, don haka kada ka sa hannu sai sun rubuta maka jimillar abin da za ka mayar, ka kai wa malaminka ya duba. Kuma ka fara tuntuɓar mai gidan, don in ya ƙi yarda a biya shi ta hannunsu maganar ba ta tashi ba.