Wai laifi ya ragu a jami'o'in Amurka?

Autan Gida: Ni fa na gaji wallahi, ƙanwata ta samu gurbin karatu a Amurka amma manyan gidanmu sun kafe wai jami'o'in can duk 'yan fashi ne da masu bindiga, alhali alƙaluman ma'aikatar iliminsu sun nuna laifukan da aka kai rahoto a harabar jami'o'i sun sauko daga wajen 41,600 a 2001 zuwa 27,300 a 2019. Matsorata ne kawai, labarin Facebook suke bi.

Hajiya Babba: Su wa ke nan matsorata? Iyayen da suka haife ka? Haba ɗana, ka gyara bakinka tukuna.

Mai Lissafi: Ɗan'uwa jimillar ta sauko ne saboda fasa ɗaki a yi sata ya ragu sosai, amma rahoton fyaɗe da taɓa mace da ƙarfi tashi ya yi, daga wajen 2,200 zuwa 11,800 a wannan tsakanin. Kuma mace za ku tura fa.

Anti Likita: Yawan rahoto daban, yawan laifi daban Malam. Da can shiru yara suke yi don kunya, yanzu sun fara fitowa suna faɗa, ga shi daga 2014 ma an sauya yadda ake ƙirgawa.

Autan Gida: Yauwa Anti! Ku faɗa musu.

Hajiya Babba: Ni ban bar maganar matsorata ba. Ita dokar da ta tilasta wa jami'o'in fitar da alƙaluman da kake taƙama da su wa ya kawo ta? Iyayen Jeanne Clery ne, yarinyar da aka kashe a ɗakin kwananta a jami'ar Lehigh a 1986, suka yi ta faɗi tashi har aka kafa dokar a 1990. To su ma matsorata ne?

Ɗan Birni: Hajiya tsoro ai halak ne, ba zagi ya yi ba.

Hajiya Babba: To je ka faɗa wa mahaifinka haka ka dawo ka ba mu labari.

Mai Lissafi: Kuma wa ya ce jami'o'in gaskiya suke faɗa? Jami'ar Liberty tarar dala miliyan 14 aka ci ta a 2024 kan karya wannan dokar, jami'ar Michigan State kuma miliyan 4.5 a 2019.

Ɗan Birni: Kai dai tunda ka yi karatu a Ingila kullum sai ka kushe Amurka, mun san ka ai.

Mai Lissafi: Ina ruwan biri da gada? Kai da aka hana ka biza sau nawa?

Ɗan Birni: Allah Ya isa, a nan za ka tona ni?

Autan Gida: Jama'a maganar ƙanwata fa nake yi.

Mai Kula da Zaure: To ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda Auta ya yi wa manya rashin kunya kuma Hajiya ta kawo hujjar da ba wanda ya iya ture ta. Batun alƙaluma kuwa kowa da nasa, ni ban ga abin kamawa ba. Auta ka ba Hajiya haƙuri, Ɗan Birni da Mai Lissafi ku ƙarasa rigimar bizarku a waya. Na rufe.