Hoto ya nuna ƙari mai milimita 4: a yi tiyata ko a ƙara gwaji?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ƙanwata tana fama da ƙibar ciki, kumburin fuska, nankarwa jajaye masu faɗi, hawan jini da suga. Gwajin fitsarin awa 24 da na ƙwayar deksametason da ake sha da dare duk sun nuna kotisol (homon da glandar saman ƙoda ke fitarwa) ya yi mata yawa, kuma sinadarin ACTH (homon da ke sa glandar ta fitar da kotisol) bai sauka ba, don haka aka ce ba daga glandar saman ƙoda matsalar ta taso ba, domin da daga can ne da ya sauka. Hoton MRI ya nuna ƙari mai milimita 4 a fituwitari, glandar da ke gindin ƙwaƙwalwa mai fitar da ACTH, amma likita ya ce wannan bai isa hujja ba, domin ana ganin irinsa a kusan mutum ɗaya cikin goma masu lafiya. Yana so a ɗebi jini daga jijiyoyin da ke fitowa daga glandar kafin a yi maganar tiyata. Akwai wanda aka taɓa yi wa?

Baban Sadiq: Wa'alaikumus salam. Ku fara bincikawa ko tana shan ƙwayoyin ƙiba ko shafa man bilicin, domin abin da ya kumbura fuskar 'yar yayata ke nan.

Anti Nas: Malam, ba ka karanta da kyau ba. Irin waɗannan magunguna masu sitiroyid a ciki sauke ACTH suke yi, nata kuwa bai sauka ba. Maman Hanifa, ana zura siririn bututu ta matsematsi har zuwa gindin ƙwaƙwalwa, a gwada ACTH na can da na jinin jiki. Idan na can ya ninka sau biyu, ko sau uku bayan allurar zaburar da glandar, to daga fituwitari matsalar take.

Ummu Yasir: 'Yar'uwa, don Allah kada ku yi gaggawa. Maigidana an ga masa ɗan tabo irin wannan, aka ce shi ne, muka sayar da filinmu aka yi masa aiki ta hanci. Bayan aikin kotisol bai motsa ba. Wata goma sha huɗu muna yawo, ƙafafunsa suka raunana har tashi daga tabarma ya gagare shi, kafin wani likita ya sa a ɗauki hoton CT na ƙirji, aka ga ƙaramin ƙari a huhu wanda shi ne yake fitar da sinadarin ACTH. Har yau babu wanda ya ce mana mu yi haƙuri.

Abu Fatima: Allah ya ƙara masa lafiya. Mu naira dubu 90 muka biya kuɗin MRI.

Maman Hanifa: Amin. Mu dubu 180 aka karɓa, wai saboda allurar da ke fito da hoton.

Ɗan Fagge: Idan tumbi ne alama, ai rabin majalisar shayin unguwarmu sai an kai su gwaji.

Ummu Yasir: Wannan ba wurin raha ba ne, Malam.

Baban Sadiq: Anti, da girmamawa, ke ma ba likitar homon ba ce, kuma wanda ya yi jinya ya fi sanin zafinta.

Anti Nas: Gaskiya ne, shi ya sa na ce su bi likitansu, kuma labarin Ummu Yasir maganarsa yake ƙarfafawa.

Abu Fatima: Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗakunan gwaji. Jinin ACTH dole a sa shi cikin ƙanƙara nan take, amma namu an bar shi a kan tebur, aka tura shi wani gari, bayan mako uku aka ce ya lalace, mu sake biya.

Ummu Yasir: Mu ma sau biyu aka yi mana haka, kuma ko rasit na farkon ba su yarda sun duba ba.