Gudun asuba a Giginya: Baffana ya ce ina taka jinin shahidai

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Wata uku ke nan likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage gishiri in riƙa motsa jiki. Tun daga nan kullum bayan sallar asuba sai in yi sassarfa zuwa wajen filin wasa na Giginya a nan Sakkwato, in zagaya in dawo gida, kuma wallahi na ji sauƙin jikina. Shekaranjiya na ci karo da Baffana yana dawowa daga masallaci, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yanzu inda jinin mutanen Sarkin Musulmi Attahiru ya zuba ka mayar wurin guje-guje?" Ƙafata ta yi nauyi, yau kwana biyu ban fita ba. Shin laifi nake yi? Kuma da na yi niyyar ranar Asabar in je Satiru, wani tsohon gari kusa da Sakkwato, in gwada hanyar daji, tunda na ji can ma an gwabza.

Wani malamin makaranta daga Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Baffanka bai faɗi ƙarya ba. Ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland, bayan sun ci Kano a watan Fabrairu, suka ja daga a filin da ake kira Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya suka fito da dawaki da masu da takubba da baka, Turawa kuwa ga igwa ga bindiga mai ruwa. Yaƙin bai daɗe ba, amma akwai waɗanda suka tsaya gindin tuta suka ƙi ja da baya har aka kashe su. Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar, Lugga, shugaban Turawan, kuma ya riga ya naɗa Attahiru na biyu a madadinsa. Don tunawa da wannan rana filin wasan ke ɗauke da sunan Giginya. To amma ɗan uwa, gari ya riga ya cinye bayan ganuwa, gidaje ne da makarantu da kwalta. In gudunka laifi ne, me za a ce da 'yan kabu-kabu da ke ratsawa tun safe har dare?

Wata 'yar uwa, malamar Islamiyya:
A bambance filin daga da maƙabarta. Abin da Annabi (SAW) ya hana shi ne zama a kan kabari, malamai kuma sun hana taka shi. Duk wanda ya je Madina ya ga Uhudu: kaburburan shahidai an kewaye su, sauran filin kuwa mutane na kai da kawo har da masu sayar da dabino. In ka ga alamar kabari ka kauce, ka yi musu addu'a ka wuce. Suturarka dai ta rufe gwiwa.

Wani dattijo daga Kanwuri:
Ni hwa ina bayan Baffanka. Ba gudun ba ne ya sosa mai rai, gafalar ce. Tsayar da samari goma cikin masu zagaya wurin nan da abin kiɗa toshe a kunne, ka tambaye su mi ya sa ake ce mai Giginya, ka ji abin kunya. Yaro, kada ka koma mai da hujjar da ka kwaso nan kamar za ka ci shi gyara. Ka je ka durƙusa ka ce, Baffa ba ni labarin abin da ya faru. In ka samu sarari kuma ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Arkilla:
Ni jininka ne damuwata. Kwana biyu kan zama wata biyu, haka masu hawan jini ke yi mana kullum. Ka koma gobe, ka gama kafin rana ta ɗaga, don ka san zafin Maris da Afrilu a garin nan yakan wuce digiri 40. Ka sha ruwa kafin ka fita, kuma gudu ba ya maye gurbin magani in an rubuta maka. Da jiri ko ciwon ƙirji, ka tsaya nan take.

Zancen Satiru kuwa ka ajiye shi. Tun da aka rushe garin a Maris 1906 ya zama kufai, ba wurin da mai hawan jini zai je shi kaɗai da sassafe ba ne, balle a wannan yanayi na tsaro. In ziyara ce, ku tafi da rana cikin mota tare da ɗan yankin.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Satiru na fasa. Na je wurin Baffa bayan magariba kamar yadda Baba na Kanwuri ya ce, labari ya kai mu har aka kira isha'i bai ko kai ga hijirar Attahiru ba. Ya ce gobe in biyo ta ƙofar gidansa mu tafi tare, amma da sharaɗi: shi ba ya gudu, kuma in sako dogon wando.