Neman kalmar Hausa: me za mu kira eutrophication?

Salamu alaikum jama'a, yau ma na zo maku da wata. Kalmar da ta hana ni sakat wannan satin ita ce eutrophication, yara a aji suna ce mata yutirofikeshan kamar sunan maganin shawara, su haddace su zuba a jarabawa su ci maki, amma ka ce wani ya tashi ya faɗa da Hausa sai kowa ya sunkuyar da kai. Ni kaina da na daɗe ina koyar da bayoloji a nan Katsina kewaye-kewaye kawai nake yi in an zo wurin.

Bari in faɗi abin tukuna kafin a raɗa mashi suna. Duk wanda ya tashi kusa da kududdufi ya san shi. Akwai wani a bayan gidanmu da duk kwatocin unguwa nan suke zuba, ruwan wanki da na wanke-wanke da na bayi har da kashin shanu, da damina ba ka gane komai amma da bazara ta kama ruwan ya ja baya sai ya koma kore shar kamar an kaɗa miyar kuka, ka jefa dutse ya buɗe ya sake rufewa. Muna yara in muka yi sammako sai mu iske 'yan karfasa sun taso sama suna ta buɗe baki, mu kwashe su da kwando muna murna wai maye suka yi. Ashe shaƙewa suke bayin Allah. Tarwaɗa kam ko a jikinta, ita tana iya shaƙar iskar waje.

Sinadarai biyu ne ke haddasa shi, naitirojin da fosfaras, wato N da P ɗin da ke jikin buhun NPK, ita yuriya ma kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. In suka yi yawa a ruwa sai gansakuka ta samu abinci ta yi ta hayayyafa ta tare rana, in ta mutu ta nutse ƙasa, bakteriya su hau ruɓar da ita su shanye oksijin ɗin da kifi ke numfashi da shi. A teku abin ya fi muni don ruwan kogi bai kai ruwan gishiri nauyi ba, sai ya kwanta a sama kamar murfi ya hana iska sauka. In oksijin ya gaza miligiram 2 a lita to mai iya gudu ya gudu, irin su ƙaguwa da masu kwanciya cikin laka kuwa nan ake barin su.

Kuma ba wasan kududdufi ba ne fa. Inda kogin Misisipi ke zuba a Tekun Meksiko, takin da ruwa ke wankowa daga gonakin masara na tsakiyar ƙasar Amurka can yake ƙarewa, a 2017 an auna wurin da iska ta ƙare ya kai murabba'in kilomita 22,700 da 'yan kai, kusan faɗin jihar Katsina kenan gaba ɗaya tun daga Jibiya har Funtuwa. A 2008 masana sun ƙirga irin waɗannan wurare sama da 400 a tekunan duniya. To ku kawo kalma.

Na dawo, na karanta duk abin da kuka rubuto, Allah ya saka da alheri.

Waɗanda suka ce gurɓatar ruwa su suka fi yawa. Ba ƙarya kuka yi ba amma rigar ta yi ma abin yawa, malalar ɗanyen mai a Neja Delta gurɓata ce, leda gurɓata ce, ruwan marina ma haka. Nan kuwa abin da ya shiga ruwan ba guba ba ne, abinci ne, shi ne wanda manomi ke cin bashi ya saya.

Wani ɗan'uwa daga Daura ya ce tsamin ruwa, tunda dama ruwa ba ya tsami banza. Wallahi ta burge ni har na so in rufe maganar a nan, sai dai akwai wata matsalar daban ta teku inda hayaƙin kabon ke narkewa cikin ruwa ya ƙara mashi asid, wannan ita ta fi cancantar tsami, in muka kashe kalmar yau gobe da me za mu kira ta? Takin ruwa kuma in ka faɗa, manomi zai ɗauka na jarka kake nufi wanda ake fesawa. Masu cewa gansakuka kuma, ita alama ce kawai, kamar ka kira maleriya da zafin jiki, balle a Legas ma ba ita ke toshe hanyar jiragen ruwa ba, wata ciyawa ce mai kama da kainuwa, mai fure, da ta shigo ta wajen Badagiri a 1984 ta iske ruwan birni cike da abinci ta baje.

Malamina na firamare, Allah ya ƙara mashi lafiya, kirana ya yi a waya ya ce ɗana ai ƙoshin ruwa ne. Kuma in asali za a bi shi ya fi kowa gaskiya, kalmar daga Girkanci take kuma ma'anarta ciyarwa mai kyau. Na ce Malam a gafarce ni, ƙoshi a bakin Bahaushe yabo ne, muna cewa cikin ƙoshin lafiya, in yaro ya ji ruwa ya ƙoshi sai ya ce madalla. Ya yi dariya ya ce to ka nemo wadda ta fi.

A gida aka samo ta. Ina zaune ina ba Inna labarin tana tsince shinkafa, na ce mata ruwa ne ake ɗura ma abinci har ya kasa numfashi, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce yo ai ginsa ce, ba ka tuna layyar da ka zauna gaban tukunyar suya kana ta cin kitse har ya ginshe ka ka kwana kana amai? Na yi shiru. Ginsa ba daga ruɓaɓɓen abu take zuwa ba, daga mai maiƙo ne mai daɗi wanda ya wuce kima har jiki ya ƙi shi. Kuma tana juyuwa yadda ake so, taki ya ginshi ruwa, tekun ya ginsu, ginsuwar ruwa. Masu cewa gimsa ku yi taku, duk ɗaya ne.

Masu kiwon kifi a tanki ku ne shaidata, ku zabga abinci ku ƙi canza ruwa kwana biyu ku ga yadda warin ke tashi. Warin nan a bakin teku kisa yake, a 2009 a arewa maso yammacin Faransa, yankin da ake kiwon aladu da yawa, doki ya zurma cikin ruɓaɓɓiyar ciyawar teku da ta taru a gaɓa iskar da ke fita ta kashe shi nan take, mahayin ma sumewa ya yi.

Wata 'yar'uwa ta tambaya ina ruwanmu da teku mu da ke bakin hamada. Yaya ai ruwan dam ɗin Zobe ta kogin Karaduwa yake bi ya faɗa kogin Bunsuru, na Jibiya ya leƙa Maraɗi ya dawo, duk su haɗu a Rima su gangara Kwara har teku. Ba wai ina ɗora ma masu noman rani laifi ba, takin da muke sawa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na Amurka, buhun ma da ƙyar yake sayuwa, a ganina kwatocin biranenmu da ba a tacewa su ne abin dubawa.

Saura wurin da iskar ta ƙare, Turawa na ce mashi mataccen yanki. Wasu sun ce maƙabartar kifi, ni dai kufan teku na zaɓa. Kufai gari ne da mutanensa suka watse, kuma ana iya dawowa a sake zama. Haka aka gani a Bahar Aswad, tekun da ke arewa da Turkiyya, wajen bakin kogin Danub, tun shekarun 1970 ƙasan ruwan ke shaƙewa, da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 gonakin gwamnati suka kasa sayen taki aka rufe manyan gidajen kiwo, cikin 'yan shekaru iska ta fara komawa, duk da dai ba duk abin da ya watse ya dawo ba.

Don haka ginsuwar ruwa da kufan teku na rubuta a littafin darasi, ranar Litinin zan gwada su a kan 'yan aji biyar in ga ko za su gane ba tare da na yi zane a allo ba. Wadda ta rage mani ita ce ta lokacin da gansakukar ke tashi gaba ɗaya dare ɗaya ta rufe ruwa, wani ya ce ambaliyar gansakuka amma ta yi mani tsawo a baki, masunta na dam ɗin Ajiwa da na Daberam in akwai abin da kuke ce mata ku taimaka mani da shi kafin Litinin ɗin.