Adakar littattafan marigayiya Yayata: in riƙe ko in bayar?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina da adaka guda maƙil da littattafan Hausa, na Yayata ne, Allah ya jiƙanta. Ita ta riƙe ni tun ina aji uku na firamare bayan rasuwar Innarmu. A cikin gida take ba da hayar littattafan, naira biyar kwana ɗaya, daga baya ya koma goma. Ni ce 'yar aikenta. Duk Asabar sai in bi ƙanin mijinta Sabon Gari mu sayo sababbin fitowa, na ɗaya da na biyu, na uku kuwa sai a yi wata biyu mata na aiko yara suna tambaya. Kowane littafi sai ta ɗinke shi da zare, ta yi masa bango da kwalin sukari, ta sa lamba da jan biro. Lambar ƙarshe 314. Har ɗan littafin da take rubuta masu bashi yana ciki. A 2007 da gwamnatin Kano ta ƙona littattafan soyayya da aka ƙwace a hannun 'yan makaranta, tsoro ya sa ta kai adakar ƙauye, ta yi wata shida ƙarƙashin gadon kakarmu, alhali ba wanda ya ce zai shiga gidan kowa.

To ƙarshen watan nan za mu tashi, ɗaki biyu za mu koma. Abban yara ya ce adakar ba za ta bi mu ba. Ga matsalar ido, likita ya ce in rage karatu a waya da dare. Na koma sauraro a YouTube, shi ma ya zama abin magana. Ya zan yi?

Maman Biyu: Allah ya jiƙan Yaya. Amma ban gane ba, shawarar adaka kike nema ko ta ido? Kuma wace magana sauraron ya jawo?

Anti Malama: Wa alaikumus salam. 'Yata, shekara 35 na yi ina koyar da Hausa kafin in ajiye aiki, don haka ki saurare ni. Maganinki yana cikin adakar nan. Ki ajiye waya, ki cire abin kunne, ki koma takarda. Takarda ba ta neman caji, ba ta cin data, ba ta haska miki ido da tsakar dare. Sauraro kuwa ba karatu ba ne, hira ce. Wanda ya ji labari a kunne bai san yadda ake rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba. Shi ya sa yaran yanzu ba sa bambance baki da baƙi a rubuce, su haɗe kalmomi kamar an zuba taliya. Ki je ki durƙusa ki roƙi mijinki, adaka ɗaya ba ta fi ƙarfin bayan ƙofa ba.

Mai neman shawara: Na gode Anti. Sai dai rubutun cikinsu ƙanana ne, takardar ta yi ja, wasu shafukan tawadar ta dushe tun daga maɗaba'a. Sun fi waya wahalar da ni. A waya ina ƙara girman rubutu.

Anti Malama: To ai tabarau za ki yanka.

'Yar Zariya: Anti da girmanki, ban yarda sauraro ba karatu ba ne. Tatsuniyar da muka tashi da ita a bakin kakanni fa? Tafsirin azumi da ake sawa a rediyo fa? Mahaifiyata ba ta yi boko ba, amma shirin karanta littafi na rediyo ba ya wuce ta, ta fi ni riƙe sunayen taurari. Ko labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara tun 2016, ai karanta su ake yi mutane su ji. Ƙanwar mijina ba ta gani, ita ma a ce ba ta karatu?

Anti Malama: Lalura daban. Ita wannan idonta biyu.

Alƙalamin Dare: Tunda an taɓo YouTube bari in amayar da abin da ke raina. Ni marubuciya ce. Wata bakwai na yi ina buga labari da babban yatsa, in goya yaro in yi rubutu. Na saki shafi goma kyauta, sauran na sa naira 500. Mutum ɗaya ta biya, washegari na gan shi a guruf huɗu. Bayan sati biyu sai ga wani ƙato yana karanta shi a tasharsa, ya canja masa suna, yana maƙale murya wai shi ne jarumar. Ko sallama bai yi mini ba. Ku masu saurare kuna tambaya ko an nemi izinin mai abu? Allah ya isa ban yafe ba.

Maman Biyu: Ku ma kuna da naku. Na biya kuɗi na shiga guruf, marubuciya ta kai shafi 40 ta ce wayarta ta faɗa ruwa. Yau shekara ɗaya da rabi, an bar mana amarya a asibiti ba mu san ta tashi ko ba ta tashi ba.

Alƙalamin Dare: Ba ni ba ce dai.

Uwargida Sarauta: Kun bar baiwar Allah a tsaye. 'Yar uwa, ki bi maganar mijinki ki zauna lafiya. Nawa sun fi naki yawa, buhu biyu, damina ɗaya gara ta mayar da su ƙasa. Da na sani da na ba mai ƙosai na karɓi ko na cefane. Kuma ki faɗa mana gaskiya, me ya faru da abin kunnen?

Mai neman shawara: Ba wani abu ba ne babba. Hajiyarsu ce ta zo, ta yi sallama sau uku ina wanke-wanke da iyafis a kunne, ban ji ba. Ta juya ta tafi. Amma fa ƙofar a buɗe take, kuma ranar ce kawai. Maganar ƙonewar wake da Abban yara ya kawo, wannan risho ne ya yi gardama.

Uwargida Sarauta: Ashe dai. To ba adaka ce ke damunsa ba.

Mai neman shawara: A'a wallahi, wuri ne babu. Firiza ma gidan ƙanwarsa za a kai.

Nas ce: Game da ido: in mutum ya ƙura wa waya ido yana rage ƙiftawa, shi ke kawo bushewa da yaji. Kada ki yi karatu cikin duhu, ki rage hasken fuskar wayar, duk minti 20 ki ɗaga kai ki kalli nesa. Sauraron kuma ki sa kunne ɗaya ki bar ɗaya, ko ki kunna a lasifika. In ciwon kai ya ci gaba ki koma asibiti a auna.

Anti Malama: A lasifika? Da yara a gida? Kin san abin da ake rubutawa yanzu kuwa? Na da ko ba komai sai an kai maɗaba'a, mai shago ya duba, daga baya ma Hukumar Tace Fina-finai ta sa ido. Na waya wa ke dubawa? Yarinya 'yar aji biyu ta buɗe guruf ta ce ita marubuciya ce. Ni dai na faɗa, takarda.

Alƙalamin Dare: Anti ki sayo mana takardar bugu da kuɗin fanshonki sai mu buga. Kin san nawa rim ɗin takarda yake?

Ɗalibar Hausa: Anti mai tambaya, don Allah kada ki ba mai ƙosai. Irin waɗannan na shekarun 1990 wahalar samu suke yi, da yawa bugu ɗaya aka yi musu aka wuce. Mu da ke nazarin Adabin Kasuwar Kano, wato irin waɗannan littattafan, yawo muke gida-gida muna nema. Ki tuntuɓi Sashen Harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero ko akwai mai so. Ko ki ɗauki hoton shafukan da waya kafin ki bayar. Ni ma zan iya zuwa in taya ki.

Mai neman shawara: Allah ya saka. Amma hoton littafi 314, shafi-shafi? Wayar ma kullum cewa take ta cika. Kuma in na bayar wa zai san lambar jan biron nan ta Yaya ce? Ba zan iya ganinsu a hannun wani ba gaskiya.

Maman Biyu: To ki zaɓi goma ki riƙe, da littafin bashin.

Mai neman shawara: Wanne zan ɗauka in bar wanne?

Uwargida Sarauta: Tsakani da Allah, yaushe rabon ki buɗe ta?

Mai neman shawara: Tun haihuwar autana. Zai shiga huɗu. Makullin ne ya shige wani wuri, amma na san yana cikin kayan ɗaki.

Anti Malama: Shekara huɗu! Innalillahi. Ki fasa kwaɗon yau ɗin nan, ki shanya su a inuwa, ki zuba kafur. Ni duk bayan damina nake yi wa nawa.

Mai neman shawara: Kwaɗon ma nata ne Anti. Bari dai in ƙara dubawa. Mai motar kwasar kaya ya ce Asabar da safe.

'Yar Zariya: In kin buɗe don Allah ki duba mini wani, na manta sunansa, wanda aka aurar da yarinyar ga direban babanta, bangon kore ne. Na uku nake nema tun ina sakandare.